Yadin da Lukmanu Ya Kawo

Jama'a, yau ba ni da doguwar gaisuwa, ku yi mini afuwa. Tun ranar Talata raina yake a ɓace, kuma in ban zazzage muku abin da ke cikina ba, to a kan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba zan sauke shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Nazeefa, shekarata ashirin da shida, tela ce ni. Shagonmu yana Kado, bayan kasuwar kifi, inda in iska ta juyo da rana sai ka rantse a cikin kwandon tarwaɗa kake ɗinki. Ni da Perpetual muke riƙe da shi, 'yar Kafanchan ce, tare muka koyi aiki. Gidanmu kuwa yana Nyanya, daga ni sai Mama tun bayan rasuwar Baba. Sai kuma Lukmanu, wanda watanmu goma sha ɗaya ke nan muna tare. Ma'aikacin gwamnati ne, kullum cikin shadda mai guga, yana magana a hankali kamar mai tsoron kada kalma ta fashe masa a baki.

Talata da safe ya tsaya a ƙofar shago, ko motar bai kashe ba. Ya miƙo mini leda ta taga, ya ce jiya ya biya kasuwar Wuse ya ga wannan ya tuna da ni. Yadi ne mai roba, irin mai santsi da ɗan nauyi wanda in ka ɗaga shi sai ya sulale ta tsakanin yatsunka, launin ruwan zoɓo, yadi uku cif. Sannan ya ce ranar Asabar mahaifiyarsa, Hajiya Maimunat, za ta zo gidanmu tare da ƙanwarsa Kauthar, su gaida Mama su gan ni.

Ba zan ɓoye muku ba, sai da na taka rawa a tsakiyar shago. Perpetual tana buga mini tebur da almakashi. Ko minti goma ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Saƙonsa ne.

"Ki ɗinka irin rigar nan da kika sa ranar da muka je bakin ruwan Jabi, mai zubowa ta gefe ɗin nan. Please. Ba na so Hajiya ta fara da lura da bayanki."

Sau uku na karanta, sannan na nemi kujera na zauna.

Bari in gaya muku maganar bayan nan, tunda yau an taɓo ta. Ina shekara goma sha uku ƙashin bayana ya fara karkacewa. Kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tudu, haƙarƙarin baya na wannan ɓangaren ya ɗan turo, ƙuguna na hagu kuma ya lotsa ciki. Shekara uku na yi ina sanye da wata rigar roba mai tauri a ƙarƙashin kayan makaranta, ina zufa ina ƙaiƙayi, yara suna kirana mai ƙusumbi. Likitoci sun ce ya tsaya, ba sai an yi aiki ba. Ina aikina, ina ɗaukar jarkar ruwa, ba abin da ya gagare ni. Abu ɗaya ne ya ƙi ni, rigar kanti. Duk wadda na sa, musamman mai roba, sai wuyan ya zame ya koma hagu, bayan ya ɗage ta dama, ta manne a daidai inda ba na so. Wannan haushin ne ma ya kai ni koyon ɗinki.

Lukmanu ya san duk wannan. A zuwansa na uku na gaya masa, har hoton ƙashin na nuna masa a waya, na ce in zai gudu ya gudu tun da sauran rana. Ya kalli hoton ya daɗe, ya ce shi ba ƙashi ya zo aure ba. Wannan maganar ce ta sa na sake masa zuciyata gaba ɗaya, ni wawiya.

Na kira shi nan take. Ya ɗauka da ƙasa-ƙasan murya, wai yana shirin shiga mitin.

"Hajiya ba ta sani ba?" na tambaye shi.

"Ina neman lokacin da ya dace ne."

"Wata goma sha ɗaya, Lukman."

"Nazeefa, ba ki san Hajiya ba. Ki bari ta fara ganinki ta so ki tukuna, sauran mai sauƙi ne."

"Ta so rigar dai, ko?"

Ya ce ina da saurin fassara magana, ya ce don ni yake yi, ya ce za mu yi magana anjima. Na kashe wayar kafin ya ƙarasa.

Perpetual ta karɓi wayar ta karanta saƙon. Ita Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ta ce in mayar masa da yadinsa ya ɗinka wa kansa hula. Na so in yi dariya, amma ta ƙi fitowa.

Da yamma na yi awa biyu a cunkoson hanyar Nyanya, ledar tana kan cinyata, ina ta shirya yadda zan faɗa wa Mama. Ashe ma an riga ni. Ina shiga na tarar da ita tana tsince shinkafa, ko sallamata ba ta gama amsawa ba ta ce Lukmanu ya kira ta da rana, ya ce na yi fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wato ni ban isa a lallashe ni ba, sai a bi ta wurin uwata.

Mama ta ce yaron nan gaskiya ya faɗa. Ta ce rufin asiri ba ƙarya ba ne, kowace mace da abin da take rufewa ranar da dangin miji suka zo. Ta tuna mini da wanda ya zo neman aurena shekara biyu da suka wuce, wanda yayarsa ta gan ni sau ɗaya a gidan biki, daga ranar ko gaisuwar Juma'a bai ƙara turowa ba. Na ce to gara wancan, ai shi bai saya mini abin ɓuya ba. Ta aje faranti ta kalle ni.

"Ni na yi ta jigila da ke asibiti-asibiti, Nazeefa. Ba zan zauna ina kallo ki kori mutumin kirki saboda taurin kai ba. Ki ɗinka rigar."

Kun san abin da ya fi ciwo? Gaskiya ta faɗa, ita ta yi jigilar. Na shige ɗaki na bar mata shinkafarta.

Laraba na isa shago tun kafin masu kifi su gama sauke kaya. Na share babban tebur, na ciro takardar fatan ɗina, wato zanen riga da nake ɗorawa a kan yadi in bi in yanka. Perpetual ta shigo ta same ni da fensir a baki, ta tambaye ni ko na haƙura ne. Na ce ban haƙura ba. Ta ce to me ya sa zan ɗinka?

Na ce saboda rigar tawa ce. Shekara biyu na yi ina ɓata yadi kafin na gano yadda zan yanka riga ta zauna a jikina ba tare da ina jan wuyanta kowane minti biyar ba. Ban taɓa yanka ta don in yaudari kowa ba, don in sha iska na yi ta. Ranar Jabi da ya ce ta yi mini kyau, na ɗauka ni ya gani. Ashe shi lissafi yake yi, yana auna ko za ta iya rufe idon uwarsa.

Ku da ba teloli ba, ga yadda abin yake. Riga ta yau da kullum ninke yadi ake yi biyu a yanka, dama da hagu su fito daidai. Ni jikina ba daidai yake ba, don haka a buɗe nake shimfiɗa yadi, kowane ɓangare da nasa zanen. Na kwafi gaban rigar gaba ɗaya a sabuwar takarda. Daga ƙugun hagu, inda jikina ya lotsa, na ja layi biyar suka tafi a karkace zuwa kafaɗar dama. Na bi layukan da almakashi, na bar ɗan ƙiris a ƙarshen kowanne don kada takardar ta rabu, sannan na buɗe su kamar yatsun hannu, na cusa wata takardar a ƙarƙashi na manne da salatif. Wannan ƙarin da aka samu shi ake tattarawa a ɗinkin gefe, sai yadin ya taso daga nan ya zubo a kan ƙirji kamar labule, ya cike gurbin da ya lotsa. Kafaɗar dama na ɗaga ta da inci ɗaya, bayan ma na ƙara masa tsawo ta wannan ɓangaren, don in ya hau tudun ya sauko, bakin rigar ya tsaya daidai da ɗan'uwansa.

Amma fushi ba ya ɗinki. Na buɗe layukan nan fiye da kima, kamar takardar ce ta yi mini laifi. Da na gwada a wani ragowar yadi na sa a jikina, sai tattarar ta taru ta yi jaka a ƙasan cikina, na koma kamar mai cikin wata biyar. Perpetual ta yi dariya har da riƙe keken ɗinki, ta ce in Hajiya ta ga wannan, maganar baya ma ba za ta taso ba. A nan ne dariyar da ta maƙale tun jiya ta fito, ta fito tare da hawaye.

Na ɓare salatif, na rage kowace buɗa da rabi, na sake mannewa. Yadin Lukmanu ya fi na gwajin nauyi, na san zai ja ƙasa da kansa, don haka na ƙara ragewa kaɗan. Na shimfiɗa shi yadda robar za ta tale ta faɗin jiki, na danne da duwatsun guga biyu da kwalbar man keke don kada ya motsa, na yanka. A ɗinkin kafaɗa na sa siririn ƙyalle marar talewa, in ba haka ba nauyin tattarar zai ja wuyan ya saki. Kafin la'asar ɗin Alhamis riga ta fito. Na sa na tsaya gaban madubi.

Wallahi ban taɓa ɗinka abin da ya kai ta kyau ba, kuma wannan ya ƙara mini haushi.

A kwanakin nan Lukmanu ya turo saƙo ya fi ashirin. "Kin ci abinci?" "Har yanzu fushin ne?" "Turo mini hoton rigar mana." Na ƙarshen ne kaɗai na amsa, na ce zai ji labarinta. Ranar Juma'a da zan tashi daga shago na naɗe takardar fatan ɗin na sa a jaka. Perpetual ta gan ni, ta ci gaba da ɗinkinta. Zan iya ce muku ban san dalilin da ya sa na ɗauka ba, amma ƙarya ce, na sani.

Asabar tun da safe Mama ta tayar da gidan. An wanke labule, an goge ledar ƙasa sau biyu, turaren wuta har ya fara sa ni tari. Ta yi kunun aya ta sa a firij, ga dambun nama, ga soyayyen kifin da Perpetual ta zaɓo mana da hannunta. Na sa rigar da baƙin siket, na ɗaura ɗankwali ruwan zoɓo. Mama ta zagaya ni tana dubawa ta baya, ta ce Alhamdulillahi, amma duk da haka ta miƙo mini babban mayafinta. Sannan ta nuna mini kujerar lungu, ta ce a nan zan zauna, ɓangaren damana ya fuskanci bango, kuma kada in tashi kawo komai, ita za ta kawo.

A gidan ubana ake tsara mini yadda zan zauna kamar kayan da ya fashe ta gefe ɗaya.

Ƙarfe biyu da rabi suka iso. Hajiya Maimunat doguwa ce, da farin gilashi da leshi ruwan toka, irin matan da in suka kalle ka sai ka tuna duk laifin da ka yi tun kana firamare. Kauthar kuwa sa'ata ce, mai surutu da fara'a, tun daga ƙofa ta rungume ni ta ce ta gaji da jin sunana. Na durƙusa na gaida Hajiya, ta amsa da sakin fuska daidai gwargwado, na koma lunguna. Aka yi ta hirar cunkoson hanya da tsadar cefane da mutanen Zariya da suka sani tare.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Falon namu ƙarami ne, kafin minti biyar kowa ya fara fifita da abin da ya samu. Kauthar ta ce haba, ai duk mata ne, in cire mayafin nan kada in narke. Mama ta harare ni. Na cire.

Kauthar ta aje kofinta. Ta taso ta zo ta taɓa tattarar, ta bi ta da yatsa har kafaɗa, tana tambaya wa ya ɗinka. Na ce ni. Ta juya ta ce wa Hajiya ta gani, ita ma irinta take so sak, kore, ta zuwa ofis. Hajiya ta gyara gilashi ta ce lallai hannun yarinyar nan yana da kyau. Mama ta saki ajiyar zuciya har sai da na ji ta daga lungu.

Da a nan na yi shiru, da yanzu wani labarin nake ba ku.

"Irin wannan sak ba za ta zauna miki ba," na ce wa Kauthar. "Don jikina aka yanka ta."

"Nazeefa, je ki duba kifin nan," in ji Mama.

Na tashi, amma ba kicin na nufa ba. Na bi ta tsakiyar falo a hankali, na ba su baya, na shiga ɗaki na ɗauko takardar. Na matsar da farantin dambu na shimfiɗa ta a kan tebur, da salatif ɗinta da tabon man keke. Na nuna musu kafaɗar dama da ta fi ta hagu, na nuna layukan da na tsaga da dalilin tsaga su, na nuna tsawon da na ƙara a baya. Na faɗi shekarar da abin ya fara da abin da likitoci suka ce. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Mama ta sunkuyar da kai tana murza gefen zanenta. Hajiya ba takardar take kallo ba, ni take kallo.

"Lukmanu ya sani?"

"Tun zuwansa na uku, Hajiya."

"Shi ya ce ki rufe?"

Ko a lokacin, da duk haushin da nake ji, sai da wani abu a raina ya so ya kare shi.

"Shi ya sayo yadin," na ce.

Ta cire gilashin ta goge da bakin mayafinta, ta daɗe tana gogewa. Sannan ta miƙe, ta yi wa Mama godiyar karamci, ta ce za a ji daga gare su. Kauthar ta bi bayanta, a ƙofa ta matse hannuna da ƙarfi, idonta ya yi ja. Ko kifin ba su taɓa ba.

Mama ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta tattara kofuna ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kin huta," ta shige ɗakinta ta turo ƙofa.

Ba a yi awa ɗaya ba saƙonni suka fara shigowa.

"Me kika yi?"

"Hajiya ta ƙi yi mini magana."

"Abu ɗaya na roƙe ki, Nazeefa. Ɗaya."

Na rubuta masa cewa rigar da ya ce in ɗinka na ɗinka, na kuma sa, sai dai bai ce in ɗinke bakina ba. Ya kira, na ƙi ɗauka. Ya sake kira, na kife wayar a kan katifa.

Bayan la'asar ina ninke takardar fatan ɗin sai wayar ta sake ƙara. Na ɗauko da niyyar kashe ta gaba ɗaya, sai na ga baƙuwar lamba. Na ɗauka. Muryar Hajiya Maimunat ce, ba gaisuwa ba komai. Ta ce gobe bayan azahar tana son ganina a gidanta a Gwarinpa, ni kaɗai, kuma kada Lukmanu ya sani.

Zuciyata ta sake tafasa. Na ɗauka takardun asibiti za ta ce in kawo, a baje ni a duba kamar ragon layya. Na ce cikin ladabi zan zo, amma in don a bincika lafiyata ne, abin da na faɗa a falo shi ke nan, ba ni da ƙari.

"Ba takardunki nake so ba," ta ce. "Ki taho da tef ɗinki na awo, da irin takardar nan da kika nuna mana."

Na ce to, Kauthar ce za a auna?

Da ta amsa, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Ƙanwarsu ce, autata. Shekararta goma sha tara. Nata bayan ya fi naki. Shekara biyu ke nan ko bikin dangi ba ta zuwa, ta ce ba ta da rigar da za ta sa a kalle ta."

Na ce Allah ya kai mu goben. Ta kashe.

Jama'a, wata goma sha ɗaya. Na san sunan ogansa a ofis, na san abincin da ba ya ci, na san makarantar da Kauthar ta yi. Na nuna wa mutumin nan hoton ƙashin bayana, ya kalla ya daɗe yana kallo, kuma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe baki ya ce mini yana da wata ƙanwa bayan Kauthar ba.

Ina zaune a bakin gado wayar ta sake haske a hannuna, sunansa ne a kai. Wannan karon na ɗauka.

"Lukman," na ce, "ƙannenka mata nawa ne?"